Ruwan da Zaki Ya Ce da Ɗaci

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan albarka.

Ta zo mu sha labari, Inna.

Zaki ne ya yi barcin rana a gindin tsamiya, ya yi mafarki ruwan tafki ya yi ɗaci kamar maɗaci. Da ya farka, sai ya sa aka yi shela kada kowa ya ƙara sha. Ba wanda ya ɗanɗana, amma kowa ya rantse da ɗaci. Ga tafki kwance, gajimare na yawo a cikinsa, ga namun daji na lasar raɓa.

Barewa, uwar matsorata, ƙishi ya kayar mata da ɗa. Ta tambayi Kura, "Yaya, kin taɓa kurɓa kuwa?"

Kura ta ce, "Ke, rufa mini asiri! Harshena ya fi na Sarki sani ne?"

Da numfashin ɗan ya fara nisa, sai Barewa ta yi bisimilla, ta tura shi da goshi har bakin ruwa. Ya sha, ya sha, kunnuwansa suka miƙe. Sai ga Zaki, jama'a na biye.

"Barewa, ba ki ji shela ba?"

Barewa ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗaci kam akwai shi. Yaro ne, bakinsa bai san ɗaci ba tukuna."

Can sai tsohuwar Giwa ta durƙusa, ta zura hanci a ruwa, ta ce a hankali, "Ni ma jiya aka haife ni."

Ƙurunƙus, na ɗora ta a kan ɓera, ya shige rami da ita.