Motar da Ba Ta da Lamba

Na fara ganin Badamasi ne a kasuwar Ƙanƙara, ranar da na raka yayana Gide sayen taki. Gaskiya motarsa na fara gani. Ban yi boko ba. Da rubutun jikin motoci da lambobinsu na koya wa kaina karatu, shi ya sa duk motar da na gani sai na zagaya bayanta. Wannan kuwa koriya ce irin ta soja, mai manyan tayoyi, gaba da baya babu abin karantawa.

"Mi kike nema, 'yammata?" in ji mai motar.

"Sunanta," na ce.

Ya yi dariya. "Wannan ba ta buƙatar suna. Ganinta ya isa."

Badamasi ɗan Sabuwa ne, yana fataucin masara. Ba mugu ba ne, sai dai yana son a ji tsoronsa. A gwanjo ya sayi motar bayan soja sun gama da ita. Ya lura in ya nufo shinge tun daga nesa ake janye itace, har wasu su sara masa. Abin ya shiga kansa.

Da ya fara zuwa zance ƙauyenmu, kusa da Ruwan Godiya, a babur yake zuwa, don motar tana can tana jigila. Wata rana ya kawo mini takardar gwanjon don ya burge ni. Na bi ta da yatsa a hankali. An rubuta cewa sai ya sauya mata fenti, ya yi mata rajista, ya sa lamba irin ta kowa, kafin ta hau titi.

"Ka karanta nan?" na tambaye shi.

"Sa'adiya, in na shafa mata shuɗi ai ta zama motar kowa."

Ni ma a lokacin ina mamakin abin da ya haɗa doka da launin mota.

Tun da ɓarayin daji suka taɓa shigo mana sanye da kakin soja, garinmu ya yi tsari. 'Yan sintiri suna zama a mararraba da littafin lambobin motocin da aka sani. Motar da ba ta ciki, kuma ta ƙi tsayawa, sai su buga waya gari, a kaɗa ƙarfe, kowa ya gudu. Gide ne shugabansu, ni nake rubuta musu littafin.

Da aka sa ranar zuwan manyansa neman aure, na ce ya ba ni lambar motar da za su shigo.

"Rubuta Badamasi," ya ce.

Na faɗa wa Gide. Ya ce, "Kowa na iya shafa kore. Ki ce mashi ya tsaya kawai, mu ga fuskarshi."

Na faɗa masa, ya ce to. Amma ranar, da hantsi, baffanninsa biyu na zaune kusa da shi, sai ya so su ga yadda ake buɗe masa hanya. Ya danna ham, ya bi ta gefen itacen ya wuce. Gilashin duk ƙura, ba wanda ya ga fuskarsa.

Muna tsakar girkin baƙi aka kaɗa ƙarfe. Muka bar tukwane a wuta. Kakarmu Dada ta faɗa rami a bayan gari, ta karye a ƙugu. Baƙi suka iso da ƙwaryar goro, suka tarar da gari ba kowa sai kaji. Sojojin da aka kira suka zo, suka duba takardar nan da na karanta, suka tafi da motar da mai ita.

Baba ya ce wa baffannin, "Ku koma da goronku. Ba na maganar aure uwata na kwance."

Bayan kwana tara aka sake shi, motar kuwa ba ta dawo ba. Tun daga nan duk Juma'a yake zuwa duba Dada, shi yake ɗauko mai ɗori a baburinsa. A mararraba yakan sauka, ya kashe babur, ya jira a duba shi. Haka ya yi ta yi har wata huɗu.

Wata Juma'a na kai wa Gide littafi, na samu Badamasi tsaye a can. Ya nuna bayan babur ɗin, kansa a ƙasa. Sabuwar lamba ce. Na karanta ta da ƙarfi, na rubuta.

"Baba ya ce ba maganar aure sai Dada ta taka da ƙafarta," in ji shi. "Mai ɗori ya ce ƙila shekara."

Gide yana ji, sauran 'yan sintiri suna ji, na ce, "Ko shekara biyu ce, zan jira ka."

Mai karatu, yanzu na gane abin da ya haɗa doka da launin mota. Lamba ita ce ke gaya wa mutane ko kai wane ne, launin soja kuma na soja ne. Wanda ya ɗauki kwarjinin da ba nasa ba don a ji tsoronsa, za a ji tsoron nasa, har a gidan da ya fi so a yi masa maraba. Ka yi wa abin hawanka rajista, ka tsaya inda aka ce ka tsaya.