Tulun Hakama a Hawan Dutsen Ɗinya

Dalilin da ya sa matan Dutsen Ɗinya ba sa amsa gaisuwa in suna hawa da tulu, ba girman kai ba ne, kuma ba kurame ba ne. Na ji ku jiya kuna ƙyalƙyala dariya, wai kun gaishe da wata ta wuce ku da kumatu a cike kamar biri ya faɗa gonar gyaɗa. To ku zauna ku ji tushen abin.

A da ba haka ake yi ba. Garin yana can bisa dutse, ruwan kuwa yana ƙasa, a wani marmaro da ke gindin dutsen. Hanya ɗaya ce, siririya, a miƙe kamar tsani. A wancan zamani hanyar nan ta fi kasuwa hayaniya. Mace na hawa tana gaisuwa, tana tambayar gida da yara da mai jiki, tana ba da labarin wadda ta haihu da wadda ta ƙona miya. Da baki buɗe ake hawa, ana haki kamar karnukan farauta. A tsakiyar hanya akwai wani faffaɗan dutse da ake ce wa Mazauni. Duk wadda ta kai nan sai ta sauke, ta yi tari, ta shanye wani abu daga abin da ta ɗebo, sannan ta ci gaba.

A garin akwai wata dattijuwa mai suna Hakama, mai yin daddawa. Mijinta ya rasu da shekara tara. 'Yarta ɗaya ce, tana aure a ƙasa, a fadama, wajen wani manomin albasa, Shekarau. Hakama tana da ɗakinta, da rumbunta, da kajinta, kuma tun ranar da ta fita takaba ba ta taɓa cewa wani ya ɗebo mata ko ludayi guda ba. Sai dai ƙirji ya fara gajiya. Wata bazara tari ya sarƙe ta tun kafin ta kai Mazauni, ta faɗi, tulu ya tarwatse, gwiwa ta ɗaye. Tulu na uku ke nan a watan.

Washegari sai ga Nomau, ƙanin mijinta, wanda riƙon gidan ya koma hannunsa. Tun tana amarya suke tsokanar juna.

"Matar yaya, maginan tukwane sun ce in gaishe ki. Sun ce ke kika rufa musu asiri bana."

"Ka zo sannu ne, ko ka zo cin ɗumamen banza yadda ka saba?"

Nomau bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin turmi ya ce, "An gama magana. Za ki sauka wajen 'yarki. Ba zan zauna a zo a ce mini an tsince ki a gindin dutse ba."

Hakama ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Gidan suruki! Ta miƙa hannu ta karɓi tuwon suruki, ta yi tari ya ji, ta yi minshari ya ji, ta fito alwala ta yi ta raɓe-raɓe kamar ɓarauniya. Ta dubi ɗakinta da ita da mai gidan suka yaɓe da hannunsu. Amma ba ta yi kuka ba, ita ba ta kuka a gaban ƙanin miji. Ta gyara zama irin na ranar kasuwa.

"Me zan yi ka janye wannan magana?"

"Ki hau da tulu daga marmaro har ƙofar nan, ba saukewa, ba zama. Kwana goma a jere."

"Albarka," in ji Hakama. "Kai da ƙattin ƙafafunka, ko buta ka taɓa hawowa da ita ba ka zauna ba? Sau ɗaya zan hau."

"Kwana bakwai."

Ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta fara shara, tana kaɗo masa sharar a ƙafa.

"To, to! Sau ɗaya. Amma da babban tulu, kuma yau."

"Matsakaici. Kuma ka ba ni mako in gwada."

"Kwana uku na ba ki ki gwada, tulun kuma cike har wuya."

Ta ɓata fuska kamar an cuce ta, sannan ta ce, "Na sallama." Ta ƙwala wa maƙwabciyarta Tabawa kira ta katanga, ta sa Nomau ya maimaita sharaɗin a gabanta, kada gobe ya ce bai ce ba.

Rana ta farko ta ce gudu ne maganin abin, ta hau kafin gajiya ta gane ta. Ta taso da ƙarfi, baki a wangame, tana amsa "sannu" da "yauwa" ta kowane gefe. Iska ta riƙa shiga tana kankare mata maƙogwaro kamar ana goga dutsen niƙa. Tana isa Mazauni gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Nomau yana gefe, har ya share mata wurin da reshen ganye.

"Bisimilla, matar yaya. Na ɗumama miki."

Rana ta biyu ta yi niyyar ba za ta ce wa kowa uffan ba. Amma a garin nan a gaishe ka ka yi shiru, ai ka ja wa kanka zance har jikoki. Matar liman ta gaishe ta, ta amsa. Wata ta tambaye ta gwiwa, ta ba ta labarin gwiwa. Wata ta ce daddawar jiya ba ta yi ƙamshi ba, nan kuwa Hakama ta tsaya da tulu a ka ta wanke ta tas. Ba ta ko kai Mazauni ba tari ya durƙusar da ita.

Rana ta uku ta sauko tun da sassafe, jikinta a sanyaye. Ta cika tulu, ta naɗa gammo, Tabawa ta taya ta ɗorawa.

"Leɓenki duk ya bushe," in ji Tabawa. "Ungo, jiƙa maƙoshi."

Ta kai mata ludayi baki. Hakama ta guntsi ruwa, kumatu suka cika. Kafin ta haɗiye sai ta ji sallama a gefenta. Shekarau ne, surukinta. Ya ɗaure jakinsa a gindin marke, ya tuɓe takalma, ya durƙusa.

"Inna, ina kwana. An tashi lafiya?"

To ku sani, a wancan lokaci surukuwa ba ta ci, ba ta sha a gaban mijin 'yarta, balle 'yar fari. Ta haɗiye ya ga maƙogwaronta ya motsa? Allah ya kiyaye. Ta tofar a gabansa? Wannan ya fi muni. Kuma ga jakin can, ta san abin da ya kawo shi: kayanta ya zo kwasa. Sai ta datse baki ta sa kai ta kama hanya, da nufin in ta ba shi rata ta haɗiye.

Shi kuwa Shekarau, da ya ga ta wuce shi fuska a kumbure ba ko "lafiya," sai ya zaci fushi take yi da shi. Ya kwashi takalma a hannu ya bi ta, yana nan daf da kafaɗarta, yana leƙen fuskarta.

"Inna, in na yi laifi a yi mini aikin gafara."

Hakama ta ci gaba da hawa, ruwa a baki. Taku ashirin na farko ta ji kamar za ta nutse. Ƙirji na neman iska da kwando, hanci na ba shi da cokali. Zuciyarta ta ce buɗe bakin nan, a yi wacce za a yi. Ta saci kallonsa, ta ga idonsa a kanta. Ta ƙi. Da ta rasa yadda za ta ƙara iska, sai ta rage ƙafa. Ta ja numfashi ta yi taku biyu, ta sake shi ta yi taku biyu.

"Inna, in zancen akuyar nan ce da kika ba mu kiwo... gaskiya ba kura ce ta ci ta ba. Ranar suna baƙi sun yi yawa."

Idon Hakama ya fito. Akuyarta mai haihuwar tagwaye! Maganganu suka taso mata har wuya, suka tarar da ruwa ya tare ƙofa. Ta hura hanci kamar saniya ta ci gaba.

"Kuma zumar da na kawo miki da sallah, e, na ɗan taɓa a hanya. Na ƙara ruwa kaɗan. Kaɗan ne, wallahi."

Mata masu saukowa suka riƙa gaishe ta, suka ga kumatu, suka ga suruki da takalma a hannu yana zuba kamar kanya, suka matsa gefe suna toshe baki. Ita kuwa wani abu ta lura da shi. Iskar da ke bi ta hanci ba ta kankarar maƙogwaro. Da ɗuminta take sauka, har can ƙasan ciki, ta zauna. Tarin da ke jiranta kullum a kwanar tsamiya bai zo ba.

Ga Mazauni, ga Nomau a kai ya buɗe hannu. "Sauke, matar yaya, ai kin yi ƙoƙari."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta raɓa shi ta wuce, taku biyu ciki, taku biyu waje. Nomau ya miƙe baki sake ya biyo su.

Daga nan ne hawan ya fi tsanani, daga nan ne kuma muryar Shekarau ta canja.

"Inna, bari in faɗi babban. Ni na je wajen Baba Nomau na ce a sauko da ke. Ba raini ba ne. 'Yarki ce, tun da aka ce kin faɗi ba ta iya cin abinci. Ko ƙarar faɗuwar kwano ta ji sai ta zabura ta dubi dutsen nan. Na gina miki ɗaki a bayan gida, na fasa masa ƙofa ta gabas, don ki shiga ki fita ba sai kin gan ni ba. Na san ba kya son ganina. Ni dai kada ki mutu a kan hanyar nan."

Wannan ce ta kusa kayar da ita. Hanci ya fara toshewa da ƙwalla, tulu ya yi rawa, ruwa ya zubo mata a goshi. Ta dafe shi da hannu biyu. Ta tsaya a tsaye, ta shaƙi iska a hankali har hancin ya buɗe, sannan ta ɗaga ƙafa. Ba ta zauna ba. Haka ta yi ta ja har ta ga dangar gidanta.

Ta shiga, ta sunkuya ta juye ruwan a randa, ta faɗa ɗaki ta saki labule. Can ta haɗiye ruwan, ya yi ɗumi kamar na wanka. Ta share ido da bakin zane, ta fito bakin ƙofa. Nomau ya iso yana haki, ya jingina da rumbu, harshe a waje. Tabawa na bayansa. Shekarau ya durƙusa can waje.

"Ƙanin miji, in kawo maka tabarma ne, ko a kira 'yar yayanka ta sauka da kai fadama?"

Nomau ya ɗaga hannu yana neman numfashi. Da ya samu kansa ya ce, "Kin ci. Me kika sha?"

"Ban sha komai ba. Abin da ya cece ni ke nan." Ta juya wajen Tabawa, don ba ta yi wa suruki magana kai tsaye. "Ki gaya wa yaron nan, akuya zai kawo mini, mai ciki. Zumar na yafe. Ɗakin kuma kada ya rushe. Duk ranar kasuwa zan sauka in yini a ciki, yarinyar ta gan ni da idonta ta ci abinci. Amma da tuwona zan zo."

Shekarau ya ce, "Na gode, Inna," kamar shi aka yi wa kyauta.

Washegari Tabawa, da ta ji sirrin daga bakin Hakama, ta guntsi ruwa ta gwada. Ta iso sama ba tari. Kafin damina duk matan garin sun ɗauka. Dattawa suka yi ƙorafi, wai gaisuwa za ta mutu a gari. Hakama ta je ta same su a inuwar masallaci, aka yi ciniki: mai hawa da tulu ba ta gaisuwa, ba ta amsawa, amma in ta sauke sai ta dawo bakin hanya ta gaishe da duk wanda ta wuce, har da tambayar yara. Ita kanta, da hanci ya saba da aikinsa, ko a barcin rana bakinta a rufe yake, ta daina tashi da harshe kamar busasshen ƙirgi. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a ɗakinta, kuma a cikinsa ta cika.

Shi ya sa har yau, in kun ga macen Dutsen Ɗinya tana hawa da kumatu a cike, ku matsa mata hanya, gaisuwarku na nan zuwa in ta sauke. Samarin garin kuwa, ranar da za a ɗaura wa ɗayansu aure, uwarsa kan ja shi gefe ta ce masa: in ka haɗu da surukarka a kan hawa ta yi maka shiru, ruwa ne a bakinta. Kai ma ka rufe naka.