Iƙama Ta Ƙare, Takaba Ba Ta Ƙare Ba

Jama'ar wannan shafi, ku ɗan ajiye abin da ke hannunku. Labarin yau ya daɗe yana ci mini rai.

Akwai wata mata a Madina, wajen shekarar 1998, sunanta Shafa'atu. A Liverpool aka haife ta. Mahaifinta Bakatsine ne da aikin jirgin ruwa ya kai shi can yana saurayi, ya zauna ke nan. Fasfonta na Birtaniya ne, Hausarta kuwa ta tsakar gida ce, irin wadda uba ke dagewa sai an yi ko ana kuka.

Mijinta Usmanu shi ma ɗan Birtaniya ne, yana koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi. Shekararsu bakwai a hawa na biyu na wani bene a unguwar Bani Harisa, gidan da makarantar ta kama musu. Allah bai ba su haihuwa ba.

Wata safiya, zafi ya fara kankama, Usmanu ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo. Kafin la'asar an yi masa salla a Harami, an kai shi maƙabartar Baƙi'a.

To, ga matsalar. A Saudiyya baƙo ba ya zama sai da iƙama, wato takardar izinin zama. Ta Shafa'atu a rataye take a jikin ta mijinta, kuma saura wata biyu ta ƙare. Takaba kuwa wata huɗu ce da kwana goma, a ɗakin da miji ya bar ki.

Kwana biyar da rasuwa, masu gaisuwa ba su ma gama watsewa ba, sai ga Saif, mudiri, wato manajan ma'aikatan makarantar. Mutum ne mai ƙamshin turare da kaifin baki. Fasfon kowane malami da na iyalinsa a aljihun teburinsa suke kwana, shi ya sa yake tafiya kamar shi ya gina garin.

Ya tsaya a bayan ƙofa ya yi ta'aziyyar da ba ta kai minti ɗaya ba. Sannan ya turo takarda ta ƙasan ƙofar.

"Madam, bizar fita ta ƙarshe ce. Ki sa hannu. Sati biyu na ba ki, sabon malami na zuwa da iyalinsa, gidan nan za mu sa su."

Shafa'atu ta karanta takardar har ƙasa, ta mayar masa da ita ta inda ta shigo.

"Ina takaba," in ji ta. "Ba inda za ni sai na gama."

Saif ya yi dariya. "Jan fasfonki ba ya aiki a nan, madam. A hannuna ma yake."

"Ban ambaci fasfo ba. Takaba na ce."

Da yamma yayanta Yahya ya bugo waya daga Ingila. Ya lallashe ta, ya yi faɗa, ya sake lallashi.

"Shafa, ki dawo gida. Na tambayi malamai, sun ce in lalura ta fitar da mace daga ɗakinta, babu laifi a kanta."

"Na sani, Yaya. Gaskiya suka faɗa. Amma ni har yanzu ban ga lalura ba, mutum na gani mai son gida."

"Wannan taurin kai ne!"

"Yaya, ka manta littafin Usmanu? Duk hutun da muka zo, sai ya rubuta kwanakin da muka yi a Ingila, ɗaya bayan ɗaya, don kada su kai casa'in da ɗaya masu haraji su ce ya koma mazaunin ƙasa. Ranar walimar ɗiyarka ma da shinkafa a baki muka tafi filin jirgi. Shekara bakwai muna ƙirga wa masu haraji kwana, ba mu taɓa kuskuren ɗaya ba. Yau Allah Ya ce in ƙirga wa mijina nasa, sai in ce ban iya lissafi ba?"

Yahya ya ce, "Allah Ya ba ki sa'a," ya ajiye waya.

A hawan ƙasa akwai wata tsohuwa, Inna Ƙaltume. Kakanta ne ya taho daga ƙasar Hausa a ƙafa, ita kuwa 'yar ƙasa ce, a Madina aka yanke mata cibiya. Ɗanta Abdussamad, magidanci mai furfura, mu'aƙƙib ne, wato mai bin takardun mutane ofis-ofis. Babu tagar da bai san mai zama a bayanta ba.

Da ya ji zancen, sai ya shafa gemu.

"Ya ukhti, 'yar'uwa, ga shawara mai sauƙi. Ki sauko ɗakin Inna, ki yi shiru da bakinki. Mutum nawa ne a garin nan ba iƙama? In kin gama, sai mu san yadda za a yi. Halas, shi ke nan."

"A'a, Yaya Abdussamad. Ɗakin Inna ba ɗakin Usmanu ba ne. Kuma ban shigo garin Manzon Allah ta taga ba, ba zan zauna a cikinsa kamar ɓarauniya ba. Ba zan fita ba, ba kuma zan ɓuya ba. Ka nuna mini ƙofar da ake ƙwanƙwasawa."

Inna Ƙaltume ta tafa hannu. "Ka ji mace! Kai kuma da gemunka kana koya wa mutane ɓuya."

Abdussamad ya sosa ƙeya. Ya ce ƙofa ɗaya ce: a rubuta ma'arud, takardar koke, a kai Imara, ofishin gwamna. Amma fa kada ta ce bai gaya mata ba, hanyar doguwa ce.

Wallahi doguwa ce. Sai da aka sayo koren fayil mai rataya, don a lokacin ko gaskiyarka ta kai ina, in ba a koren fayil take ba, ba mai duba ta. Aka sa takardar rasuwa, aka sa hoton iƙama. Da Shafa'atu ta miƙo takardar aurensu ta Liverpool, tsaf a cikin leda, Abdussamad ya juya ta gaba da baya.

"Ina hatiman?"

"Ga sa hannun magatakarda nan."

"Sa hannu! Ya ukhti, ku Turawa kun yarda da alƙalami. Mu nan sai mun ga hatimi a kan hatimi."

Haka bawan Allah nan ya hau bas zuwa Jidda, aka fassara takardar, aka buga mata hatimi a ofishin jakadanci, aka buga wani a ma'aikatar harkokin waje. Kwana huɗu ya yi. Da ya dawo ya zauna gaban wani dattijo mai tafireta a bakin titi, irin masu rubuta wa jama'a koke, aka tsara ma'arud. Ya kai Imara, aka ba shi 'yar ƙaramar takarda mai lamba, aka ce a jira.

Ranar da sati biyun suka cika, Saif ya iso da motar ɗaukar kaya da leburori uku. Me zai gani? Inna Ƙaltume da matan unguwa sun cika matakalar bene, kowacce da abayarta da carbinta, har da flas ɗin shayi.

"Ku ba ni hanya," in ji shi.

"Gaisuwar mutuwa muka zo, ɗana," in ji Inna. "Ko ita ma sai da biza?"

Leburorin suka kalli juna, suka koma mota. Wa zai tsallake tsofaffi?

Shafa'atu ta aiko masa da lambar Imara. Ya duba, fuskarsa ta canja, don ya san maganar da ta sami lamba a can ba a yi mata ƙarfa-ƙarfa. Amma mai girman kai ba ya komawa hannu rabbana. Da sunan makaranta mitar gidan take. Kafin azahar ya sa an yanke wuta.

Jama'a, wanda bai san zafin Madina ba, ba zai gane muguntar nan ba. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya, firji ya tsaya. Bango kansa in ka dafa sai ka janye hannu. Shafa'atu ta riƙa jiƙa zani tana lulluɓa, kafin ta idar da salla ya bushe. Mata suna hawo mata da ƙanƙara da mafici, suna karɓa-karɓa.

Kullum Abdussamad sai ya je Imara, kullum amsa ɗaya: "Bukra, in sha Allah." Gobe. Kwanakin iƙama kuwa suna ta zubewa. Ta san in suka ƙare ba amsa, sunanta ya koma mai zama ba izini, kuma ƙarshenta gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora.

A rana ta goma sha uku ba wuta, jiri ya kwashe ta a bakin banɗaki. Da ta farfaɗo ta yi kuka, kukan da ba ta yi ba ko ranar rasuwar. Tsoro ya kama ta sosai, kuma ta ji kewar Usmanu har cikin ƙashinta.

"Inna, ko dai Yaya ya yi gaskiya? Ko taurin kai ne kawai?"

Inna Ƙaltume tana yi mata fifita ta ce, "'Yata, in jikinki ya gaza, ki tafi, Allah ba Ya kama ki, ni ma ba na kama ki. Amma ki tambayi zuciyarki: gazawa kika yi, ko gajiya?"

Shafa'atu ta ce, "Gajiya ce. Miƙo mini ruwa."

Saura kwana shida iƙama ta ƙare aka kira su. Ta fita da rana, Inna a gefenta, Abdussamad a gaba da koren fayil. Wani dattijon jami'i ne ya karɓe su. Larabcinta bai taka kara ya karya ba, don haka Abdussamad ne ke fassara.

"Tambaye ta, me take nema? Aiki? Zama na dindindin? Diyya?"

"Ƙarin kwana saba'in," in ji Shafa'atu. "Ranar da takabata ta cika, washegari zan tafi. Ba na neman ko kwana ɗaya a kai."

Dattijon ya cire tabarau ya kalli Abdussamad. "Shekara talatin ina kan teburin nan. Kowa ƙari yake nema ba iyaka. Yanzu tana ina da zama?"

"A ɗakin mijinta, ɗawwalallahu umrak, ranka ya daɗe. Sai dai yau kwana talatin da huɗu ba wuta."

"A wannan zafin? Wa ya yanke?"

Abdussamad ya faɗi suna. Dattijon ya ja ma'arud ɗin ya yi rubutu layi uku a gefensa, ya buga hatimi.

Layi ukun nan su suka tashi mai makarantar daga barcin rana, don ashe bai ma san abin da ake yi da sunansa ba. Aka ce ranar har waje ana jin muryarsa. Washegari da hantsi wuta ta dawo. Sai ga Saif a matakala, ba leburori, ba dariya, riƙe da fasfo da iƙamar da aka sabunta. Matan unguwa suna nan zaune inda ya bar su.

Ya ƙwanƙwasa a hankali. "Madam, ki yafe mini."

"Turo ta ƙasa," in ji ta. "Na yafe maka nawa. Na Usmanu kuwa, ka je Baƙi'a ka nema, ku maza an bar ku ku shiga."

Kafin wata ya mutu an ɗauke shi daga kujerar, aljihun fasfo ya koma hannun wani.

Shafa'atu ta ci gaba da zamanta, tana bin wata a sama, har kwanakin suka cika cif. Ranar ta yi wanka, ta canja kaya, Inna Ƙaltume ta shafa mata turare. Suka tafi Harami. Da yake mata ba sa shiga Baƙi'a, sai ta tsaya a bakin katanga, ta riƙe ƙarfen, tana kallon filin da ba kabari ɗaya mai suna. Ba ta san wanne ne nasa ba.

Ta yi wa mutanen wurin sallama gaba ɗaya. Sannan ta sassauta murya.

"Usmanu, gobe zan tafi, kuma ban san ko zan sake dawowa ba. Amma na zauna maka. Ban rage ko kwana ɗaya ba."

Darasi: Kada ka yi saurin kiran abu "dole" don kawai mai kujera ya ɗaga maka murya. Nemi haƙƙinka ta ƙofar gaba, ba ta ɓuya ba, ba ta zagi ba, kuma kada ka nemi fiye da abin da yake naka. Kai kuma da aka damƙa wa takardun bayin Allah, amana ce a hannunka, ba sanda ba. Ku tura wa 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen waje, wataƙila akwai wadda aka turo wa takarda ta ƙasan ƙofa yau.