Dabaibayin Motar Nagoggo

Akwai wani makanike a Dakoro ana ce masa Sallau. Garejinsa ba na a zo a gani ba ne: rumfar kwano ce a bayan tasha, da bishiyar bedi guda, da akwatin ƙarfe da ya tsufa tare da mai shi. Amma duk direban da ke bin hanyar Korahane ko ta Birnin Lalle ya san wurin, domin abin da Sallau ya ɗaure ba ya kwancewa a daji. Wannan suna shi ne jarinsa, ba shi da wani.

Cikin masu kawo masa aiki akwai wani direba, Nagoggo. Sunan ya bi shi ne saboda goggonsa Halimatu ce ta rene shi, bayan mahaifinsa ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Maradi. Da ya girma, ta sayar da shanunta ta sayi a-kori-kura, ta ba shi ya riƙa jigilar 'yan kasuwa. Motar tata ce, tuƙi nasa.

To, Nagoggo ya iya tuƙi, wannan ba a musu. Matsalarsa ƙafa ce. Idan ya ɗora ta kan totur, wato abin da ake takawa a ba mota wuta, sai ka ce ya ga maciji yana son murƙushe shi. Tsofaffi a bayan mota suna salati, shi yana gaba yana dariya. In an yi masa magana sai ya ce mai tsoron mutuwa ya hau jaki.

Wata safiya ya bar motar a gareji a canza mata baƙin mai, ya tafi shan shayi. Bai daɗe da tafiya ba sai ga Goggo Halimatu da sandarta. Suka gaisa, Sallau ya ba ta kujera. Ta daɗe tana kallon motar kafin ta yi magana.

"Sallau, tambaya gare ni, kada ka yi mani dariya. Raƙumi in ya cika yawo, dabaibayi aka yi mishi. Ita mota ba a yi mata?"

Sallau bai yi dariya ba. Ya ce, "Ana yi, Goggo. Sai dai mai tuƙi ba zai so ba."

Ta ce, "Ni ma ban so ba ranar da anka kawo mani uban yaron ga cikin tabarma. Na yi hwaɗa, na yi lallashi, na sa liman ya yi mishi magana, ba ya ji. Ka ɗaure mani ita. Ta ja kaya, ta hau tudu, amma kada ta tashi sama. Kuma amana ce, Sallau. In ya san ni ce, kwancewa zai yi, ya ƙara da hushi da ni."

Sallau ya juya maganar a ransa. Mai mota ce da kanta ta nema, kuma abin da ta nema ba cuta ba ne. Ya ce ya ɗauka.

Aikin bai kai shan kofin shayi ba. A ƙarƙashin totur akwai wani gajeren bulon, wato ƙusa mai zare, da ke tare shi in an taka har ƙasa. Sallau ya cire shi, ya ɗaura mai tsawo a madadinsa, ya gyara shimfiɗar robar da ke wurin. Daga ranar, ko giwa ce ta taka, totur ba zai wuce rabi da kaɗan ba.

Washegari da rana sai ga Nagoggo, fuska a murtuke.

"Baba Sallau, mi ka yi wa motar ga? Ina takawa ba ta amsawa. Yau har motar kaya ta wuce ni, yaran mota suna ɗaga mani hannu."

Sallau ya tambaye shi, "Ta kasa hawa tudu?"

"Ta hau."

"Ta kahe cikin rairayi?"

"Ba ta kahe ba."

"To motarka lahiya lau take. Tahiyar da take yi ta isa mai son ya kwana gida."

Nagoggo bai zo jin wa'azi ba. Ya ce a canza matatar gazuwal, wato man dizal. Sallau ya ce ba ta da laifi. Ya ce a hure matatar iska, a wanke tanki. Sallau ya ce duk ɓarnar lokaci ce, shi ba zai taɓa abin da bai lalace ba. Nagoggo ya buga ƙofa ya tafi.

Ya kai motar Maradi. Makaniken can, da ya ji bayani, ya buɗe ƙofar direba yana shirin durƙusawa, ya ce, "Bari mu hwara daga ƙahwa, mu bi waya har inji." Haka ake yi, daga abu mai sauƙi ake farawa. Amma Nagoggo ya riƙe ƙofar.

"Pompi na ce ka duba. Ni ka tuƙa motar, na san ciwonta."

Aka duba pompin gazuwal, wato famfon da ke tura mai cikin inji, aka wanke, aka mayar. Aka canza matatu duka. Mota ta fito tana nan yadda take. Abin yana nan ƙarƙashin tafin ƙafarsa, yana taka shi safe da yamma, amma ganinsa sai an sunkuya, Nagoggo kuwa bai saba sunkuyawa ba.

Da ya rasa inda zai ɗora laifi, sai ya ɗora wa Sallau. Ranar kasuwa, tasha ta cika maƙil da direbobi da dillalan dabbobi, ya tsaya a tsakiya ya ɗaga murya. Ko "Baba" ɗin ma ya ajiye shi.

"Ku yi hankali da Sallau! Na kai mishi mota lahiyayya, ya cire mani pompi mai kyau ya sa tsoho. Ɓarawo ne da akwatin ƙarhe!"

Sallau yana rumfarsa, yana ji. Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Kalma ɗaya ce za ta wanke shi, kuma tana kan harshensa. Ya haɗiye ta, ya ce kawai, "Allah ya sani ban ɗauki komi naka ba."

Mutane kuwa kun san su. Ba wanda ya tambayi hujja. Kowa ya ga da idonsa motar da a da ke tashi sama yanzu tana tafiyar amarya, kuma daga hannun Sallau ta fito haka. Wannan ya ɗauke motarsa, wancan ya ce zai dawo bai dawo ba. Kafin damina ta faɗi, rumfar Sallau ta zama wurin hutun awaki.

Matarsa Suwaiba, wadda ita kaɗai ta lura akwai abin da yake ɓoyewa, ta tare shi.

"Malam, in akwai magana ka hwaɗe ta. Hatsi ya kusa ƙarewa. A rijiya mata suna yin shiru in na iso. Wane irin sirri ne ya hi mutuncinka?"

Ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba, Suwaiba."

Ta ce, "Gaskiya ne. Amma ko tuwon ma ya samu."

Wannan ta shige shi. Bayan la'asar ya sa riga ya nufi gidan Goggo Halimatu, da niyyar ya roƙe ta ta sauke masa amanar. Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake. Tsohuwa ce da ba ta fita, labarin tasha bai iso ta ba. Tana ganinsa ta washe baki.

"Sallau, Allah shi yi maka albarka. Tun da ka ɗaure motar nan nike barci. Da, in na ji kukan mota ta tsaya ƙohwar gida, gabana hwaɗuwa shike, in ce ga masu kawo labari. Yanzu har mantawa nike ya hita."

Sallau ya dubi waken, ya dubi tsohuwar. Maganar da ya zo da ita ta ƙi fitowa. Ya ce gaisuwa ce ta kawo shi, ya sha ruwa, ya koma gida da kayansa a ka.

Haka aka ci gaba. Sallau ya koma gyaran amalanke da injin niƙa, abin da ya samu ya kai gida.

Ran nan, wata ranar kasuwa da hantsi, yana zaune sai ya ga motar Nagoggo ta shigo a hankali, cike da mutanen Korahane. A bayanta ga wani Buzu mai rawani a kan raƙumi. Nagoggo ya fito. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, ɗayan yana hannunsa.

Buzun ne ya fara magana. Ya ce sunansa Intalla. Yana ƙetare hanya da iyalinsa da raƙumansa, a gangaren wani tudu inda mai zuwa ba ya ganin gabansa, sai mota ta ɓullo a kansu. Matarsa tana kan raƙumar gaba da jariri a goye. Direba ya taka birki, mota ta ja ƙasa, ta ja, ta tsaya hancinta na shafar ƙafar raƙumar.

"Na biyo shi in yi godiya gaban mutane," in ji Intalla. "Direbobin hanyar ga ba su tahiya a hankali haka. Wanga mutumen kirki ne."

Nagoggo bai iya ɗaga kai ba. Shi ya san ƙafarsa tana manne da totur lokacin da ya hau tudun, yana zagin motar don ta ƙi gudu. Da ta ba shi abin da ya nema, da yanzu ana ƙirga gawa.

Ya matso kusa da Sallau, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Da na taka birki, takalmina ya suɓuce ya shige ƙasa. Na duƙa in ɗauko. Na ga bulon sabo, shina ƙyalli. Kai ka sa shi?"

"Ni na sa shi."

"Wa ya sa ka?"

Sallau ya ce, "Wannan ba tawa ba ce, balle in ba ka."

Nagoggo ya tsaya. Ba sai an faɗa masa ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta sayar da shanu ta saya masa mota, sannan ta kasa barci saboda motar. Hawaye suka zubo masa a gaban fasinjojinsa.

"Kuma duk zagin da na yi maka, kana da amsa ka yi shiru? Na kashe maka gareji, Baba."

"Gareji shina tashi," in ji Sallau. "Mutum ne ba ya tashi."

Nagoggo ya taka da ƙafa zuwa tsakiyar tasha, daidai inda ya tsaya rannan, ya hau kan wani buhun gero. Da muryar da ya yi zagi, da ita ya yi magana. Ya ce shi ya yi ƙarya, Sallau bai ɗauki ko allura ba. Ya faɗi abin da ke ƙarƙashin totur, ya faɗi abin da ya faru a gangaren tudu, ya nuna Intalla shaida. Ya ce duk wanda ya ɗauke motarsa daga wurin Baba Sallau saboda bakinsa, ya mayar, alhakin ya yi masa nauyi.

Direbobi suka yi ta kallon juna. Waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar su ne suka fara cewa ai su dama ba su yarda ba.

Da Nagoggo ya dawo rumfa, ya tarar Sallau ya ɗauko kile, wato sifana, ya buɗe ƙofar direba ya durƙusa.

"Tunda ka gani, sirri ya ƙare," in ji Sallau. "In cire?"

Nagoggo ya durƙusa kusa da shi, ya daɗe yana kallon ɗan ƙarfen.

"Bar shi, Baba. Ƙara matse shi. Kuma kada ka gaya wa Goggo na gani, bar ta ta yi barcinta."

Darasi: Ba duk abin da ya rage maka gudu ne maƙiyinka ba, wani dabaibayin mai ƙaunarka ne ya ɗaura. Kafin ka ɗaga murya ka ɓata sunan wani, sunkuya ka duba ƙarƙashin ƙafarka. Kai kuma da aka ba amana, riƙe ta ko da ta ƙona maka hannu, Allah ba ya barin mai gaskiya cikin kunya. Ku tura wa direbobin da kuka sani, da duk wanda ke da mai jiran dawowarsa gida.