Odile Da Ƙarfen Da Ta Sa A Harshe

Akwai wata mata a nan Lafayette, sunanta Odile Guidry, wadda ta daɗe tana jinyar mahaifinta. Ciwon suga ya cinye idanun tsoho Alcide, tsufa kuma ya taɓa masa tunani. Ba ya tuna abin da ya ci da safe. Abu ɗaya ya rage masa, yana gane mutane da murya. Muryar Odile ce kaɗai ke kwantar masa da hankali.

Doguwar jinya takan kai mutum inda ba ya jin komai, kuma Odile ta kai wurin. Ta je aiki, ta biya gidan kula da tsofaffi, ta ba shi abinci a baki, ta koma gida. Ba kuka, ba dariya.

Wata rana tana wucewa ta gaban shagon masu zanen jiki da huji, sai kawai ta tsayar da mota ta shiga, ta ce a huda mata harshe. In ka tambaye ni, so take wani abu ya yi mata zafi, ta tabbatar har yanzu da ranta.

Mai hujin, Yolanda, ta kama harshen, ta soka allura, ta zura ƙarfe mai ƙwallo sama da ƙasa. Hawaye ya zubo wa Odile da kansa, amma zuciyarta ko gezau.

"Shi ke nan?" in ji ta.

"Yanzu ma aka fara, 'yar'uwa," in ji Yolanda. "Kin ga ƙarfen nan dogo ne? Da gangan na sa shi. Harshenki zai kumbura, dole a bar masa wuri. Ki yi ta tsotsar ƙanƙara, ki kurkure baki da ruwan gishiri. Ba yaji, ba giya. Sai kumburi ya sauka ki dawo, ni da hannuna zan sa miki gajere."

"Na ji, likita," in ji Odile, ta ɗauki jakarta.

Ba ta ji ba. Odile irin mutanen nan ne da in kana magana suna gyaɗa kai, hankalinsu yana bakin ƙofa.

Kumburin bai kai ga sauka ba Juma'ar kafin Ista ta zo, ranar da dangi ke haɗuwa a gidan wanta Clovis a dafa jatan lande a babbar tukunya. Dogon ƙarfen nan kuwa yana buga haƙora, da ta buɗe baki sai a gan shi. Ba ta da ƙarfin jin surutun gwaggonninta. Ta sayi wani gajere a kasuwa, ta tsaya gaban madubi, ta cire na Yolanda ta cusa shi. Jini ya ɗan fito, ta tofar.

Aka juye jatan lande a kan tebur, jajir da yaji, da masara da dankali. Odile ta zauna ta naɗe hannu.

"Ke lafiya?" in ji Gwaggo Eulalie. "Yaushe jinin Guidry ya fara kallon jatan lande kamar baƙo? Ko kin zama 'yar gayu ne?"

"Ƙyale ta, Gwaggo," in ji Clovis, "wai tana rage ƙiba ne."

Aka kwashe da dariya. Mu nan, kowa ya sani, ƙin cin abincin wannan rana daidai yake da zagin mai gida. Odile ta miƙa hannu. Yajin ya shiga ramin hujin kamar an zuba garwashi, ta kora da giya mai sanyi, ta ƙara ɓare wani.

Da gari ya waye harshen ya cika bakinta. Ƙwallon saman ya nutse cikin nama, ba a ma ganinsa. Miyau sai da dabara take haɗiyewa. Ta gwada kiran sunanta a gaban madubi, abin da ya fito ba magana ba ce.

Tana kan hanyar shagon Yolanda wayarta ta yi ƙara. Clovis ne.

"Ki taho yanzu. Jikin Baba ya rikice, sun ce a kira kowa. Ke yake ta nema."

Ta juya motar.

A gidan tsofaffin ta tarar da dangi sun kewaye gadon mahaifinta, Gwaggo Eulalie tana jan carbi. Tsohon yana ta juya kai.

"Odile ta zo? Ina Odile?"

Ta durƙusa, ta kama hannunsa, ta ce, "Baba, ni ce." Haka ta yi niyyar faɗa. Abin da ya fito wani gurnani ne mai kauri, haɗe da miyau.

Tsohon ya janye hannunsa.

"Wace ce wannan?"

"Odile ce, Baba," in ji Clovis. "Ga ta nan a gabanka."

"Kada ka raina mini hankali, yaro. Makaho ne ni, ba kurma ba. Na san muryar 'yata."

Ta sake gwadawa a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. Ta ɗauki tafinsa ta ɗora a fuskarta, ya fizge.

"Ku fitar mini da matar nan. Ku kira mini Odile. Me na yi mata da ba za ta zo ba?"

Gwaggo Eulalie ta dubi bakin Odile, ta gane, ta sunkuyar da kai.

Odile ba ta fita ba. Ta koma kujerar da ke jikin bango ta zauna shiru, don duk lokacin da ta yi magana sai ya ƙara firgita. Tana nan zaune, taku biyu tsakaninsu, yana ta tambaya ko ta iso. Da la'asar ya daina tambaya, rai ya yi halinsa.

Daga nan Clovis ya kai ta asibiti, aka tsaga aka ciro ƙarfen. A wurin jana'iza ba ta iya cewa komai ba, kuma ba ta yi kuka ba. Mutane suka ce ta yi jarumta. Ba jarumta ba ce, ba ta jin komai ne.

Bayan an binne shi kumburin ya sauka. Wata safiya ta taso daga gida, hannunta ya kai ta hanyar gidan tsofaffi kamar kullum. Ta tsaya a wurin ajiye motoci, ta kashe injin. Ta buɗe baki ta ce, "Baba, ni ce, na zo."

Muryar ta fito tas, yadda ya san ta. Sai a lokacin kukan ya zo mata.

Darasi: In wanda ya san aikinsa ya ce ka jira, to ka jira. Gaggawa da kunyar idon mutane sukan sa ka ɓata abin da kake ganin naka ne kai kaɗai, alhali wani yana rayuwa da shi. Kuma in ka ga mai jinya ya yi shiru da yawa, ka tambaye shi lafiya kafin ka yi masa ba'a. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake bukatar jin wannan yau.