Na'urar da Ta Yi wa Kanta Shaida

Me ya sa shaidar da mutum ya yi wa kansa ta fi kowacce daɗi a kunnensa? Jama'a, na daɗe ina juya wannan tambaya, har yau ban samu amsa ba. Amma ku saurara.

An yi wani bawan Allah a wani gari, Malam Shitu, mai haɗa kwamfutoci. Mutum ne mai wadatar zuci, kayansa jaka ɗaya da tsohon babur. Shi ya ja waya a wani ƙaramin asibiti, ya ba kowace na'ura adireshinta na cikin gida, irin lambobin nan masu farawa da 192.168, waɗanda ba sa fita waje.

Ran nan kwamfutar ɗakin magani ta daina ganin babbar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. Mai asibiti, Alhaji Gambo, ya ɗora laifin a kan Malama Zinatu, mai ba da magani.

"Ita ce mai taɓe-taɓe! Yau za ta bar aikin nan."

"Alhaji, wallahi ko ƙura ban kaɗe ba."

"Kada ki sake yi min magana."

Malam Shitu ya zauna gaban babbar, ya kira 127.0.0.1, lambar da kowace kwamfuta ke kiran kanta da ita. Nan take ta amsa.

"Ka gani ko?" in ji Alhaji. "Aikinka lafiya lau."

Maganar ta yi wa Malam Shitu daɗi, ku saurara, ta yi masa daɗi. Har ya ɗauki jaka, sai zuciyarsa ta ce: Shitu, ka tambayi na'ura labarin kanta, me kake so ta ce? Ya wuce ɗakin magani, ya kira babbar daga can. Sai firinta, na'urar buga takardu, ta amsa! Ashe ranar da ya saka sabuwar firinta, adireshin babbar ya ba ta. Gida biyu, lamba ɗaya.

Gyaran minti ɗaya ne, kuma ba mai gani. Ya gyara, sannan ya fito.

"Alhaji, kuskurena ne. Baiwar Allah nan ba ta taɓa komai ba."

"Kai Malam, wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Amma za a tambaye ni."

Can Alhaji ya taka da ƙafarsa har bakin tagar magani, inda Zinatu ke haɗa kayanta.

"Malama, ajiye jakar nan. Ɗazu me kike cewa? Ina jin ki."

To jama'a, zuciya ma haka take. In ka tambaye ta, kullum lafiya lau za ta ce. Kai da kake ganin ba ka da laifi a gidanka ko a rumfarka, tashi ka leƙa kanka daga ɗakin wani. In ka tarar naka ne, ka faɗa kafin abincin wani ya zube. Allah Ya ba mu ikon faɗa.