Ruwan Figar da Tasalla Ta Ƙi Ɗorawa

An yi wata baiwar Allah a wani gari, shekarun baya, ana ce mata Tasalla. Wata safiya mijinta, Malam Jatau, ya tsaya a tsakar gida da wuƙa a hannu ya ce, "Ɗora ruwan figa."

Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba zan ɗora ba."

Ku saurara, 'yan uwa mata, ku ji abin da ya fito da wannan magana daga bakin matar da ba ta taɓa yi wa mijinta musu ba.

'Yarsu Kande ce ta haihu, suna ya matso. Tun cikin yana ƙarami Tasalla ke kiwon kaji, don ranar suna ta shiga gidan surukai da kwano cike, a ce uwar mai jego ta fita kunya. Da ta buɗe akurki a safiyar nan sai ta ja da baya tana salati. Kajin da jiya suke tono, ga su a zube. Wasu sun sandare. Jan zakaran da take ji da shi kansa ya kumbura, zankonsa ya yi baƙi. Murar tsuntsayen da take jin labarinta a rediyo, yau ga ta a gidanta.

Kun san halinmu. Kaza ta fara gyangyaɗi, sai a ruga neman wuƙa kada ta zama mushe. Mushen muke tsoro. Ciwon da ke jikinta, wa ya tambaya?

Jatau ya ce, "Sauran da ransu fa. A yanka da bisimilla, a soya, wace cuta ce za ta tsira a cikin mai?"

Ta ce, "Wa zai fige? Wa zai fasa ciki? Ni ce. Da hannun nan kuma zan je in ɗauki jariri?"

Ya ce, "Ashe likita nake aure ban sani ba." Ya jefar da wuƙar ya fita.

Ita kaɗai ta haƙa rami a bayan gida ta binne su. Ta wanke jikinta, ta bi gidajen da ta bai wa ƙwai tana cewa, "Don Allah kada ku ci, kada ku sa wa kaza." Magana ta yi nisa, ta kai kunnen malaman dabbobi. Suka zo cikin fararen kaya, fuska a rufe, suka tattara kajin unguwa kaf, har zabi da agwagi, suka tura rami guda. Mata na tsaye a zaure, hannu a ka.

Unguwa ta yi tsit, asuba ba carar zakara. Mai shayi ya kife kaskon ƙwai. Yara suka manta ɗanɗanon romon kaza.

Ranar suna Tasalla ta tafi da wake da daddawa. Uwar mijin Kande ta ɗaga faifai a gaban mata ta ce, "Ikon Allah, kajin ne suka rikiɗa?" Aka kwashe da dariya. Kande ta sunkuyar da kai, ta ƙi kallon uwarta. Tasalla ta miƙa hannu ta karɓi jikanta.

Kada wata ta jira in ce daga baya an zo an ba ta haƙuri. Ba a zo ba. Wanda aka tare wa cuta bai san an tare masa ba, balle ya zo godiya.

To ku da ke zaune nan, amanar da ke cikin tukunya ita ce amanar da ba mai gani sai Allah. Ran da kazarki ta yi gyangyaɗi, maigida ya ɗauko wuƙa, ki tuna cikin wa naman zai shiga, da hannun da zai taɓa shi. Amma ki san farashin tun yanzu. Tasalla ta rasa kajinta, ta rasa gaisuwar maƙwabta, mijinta ya daɗe ba ya cin tuwonta da fara'a, har ta koma ga Allah ana kiranta Kashe-kaji. Ta ɗauki duk wannan, ba ta ɗora ruwan ba.